Babban Yatsan Baba Lab

Ku da ake turo mana daga kwaleji ku koyi aikin lab, kusan dukkanku da magana ɗaya kuke zuwa: wai aikinmu wankin kwalabe ne da jera su a kabad, malamin aji shi ne mai aiki. Ba zan yi musu da ku ba. Wankin kwalba yana ciki, da shi ma na fara. Amma ku gyara zama ku ji sauran.

Sunana Garba, a Pantami nake zaune, kuma na haura shekara talatin ina riƙe da ɗakin gwaje-gwajen wata sakandaren jeka-ka-dawo a nan cikin Gombe. Yara Baba Lab suke ce mini. Har iyayensu, in mun haɗu a kasuwa, da sunan suke gaishe ni.

A hannun wani dattijo ɗan Tangale na koyi aikin, Baba Dauda, Allah ya jiƙan rai. Zangon karatu guda cur bai bar ni na taɓa komai ba sai buroshi da sabulu. In na wanke kwalbar gwaji na kawo masa, sai ya ɗaga ta saitin taga ya ƙura mata ido. "Garba, ka ga ruwan nan da ya tsaya ɗigo-ɗigo a jikinta? Da sauran maiƙo. Sake." Sai da ya ga ruwa yana sauka sumul a jikin kwalabena sannan ya ba ni fifet. Fifet ɗin wancan zamani dogon gilashi ne siriri mai zanen awo. Da baki ake zuƙo ruwan, a toshe saman da manuniya, a riƙa sassautawa a hankali har ruwan ya sauko daidai kan layi. Rana ɗaya na zuƙa da ƙarfi, ruwan sodar yin sabulu ya shige mini baki. Na ruga famfo ina kurkurewa, shi kuwa ko motsi bai yi ba. Da na dawo ya ce, "Yanzu ka san inda ake tsayawa." Kwana da kwanaki tuwo ɗanɗanon sabulu yake mini. Amma daga nan manuniyata ta gyaru. Sai da ta kai ina sauke ruwa ɗigo ɗaya in tsayar da na biyu yana reto a bakin gilashi. Malaman kemistiri in suna son awo mai kyau ni suke kira. Ku riƙe maganar manuniyar nan.

Cikin duk darussan da nake shirya wa kaya, na gado na fi so, wato yadda ɗa yake ɗauko kamannin uwa da uba. Da wake muke farawa. In zuba fari da ja a jaka biyu, ɗaya uwa ɗaya uba, yaro ya rufe ido ya zaro ɗaya daga kowace, a rubuta a allo. Kafin a tashi sun gane yadda mai AS da mai AS suke haifar mai sikila, ba tare da an yi musu dogon turanci ba.

Ranar ayaba kuwa tun da safe nake hawa keke in je Bolari sayen ƙanƙara, don firijinmu ya daɗe da mutuwa, kuma in sifirit bai yi sanyi ƙarara ba aikin ba ya fitowa. In binne kwalbar sifirit cikin ƙanƙarar a kula, in rufe da buhu. Yara su dame ayaba a leda har ta zama kunu, a sa ɗan gishiri da sabulun ruwa na wanke-wanke, a tace da tsumma mai tsabta. Sannan a karkata kwalbar gwaji a zuba sifirit ta gefe, sannu-sannu, kada ya gauraya. A jira. Sai ka ga wani farin zare yana tasowa, mai yauƙi. Wannan shi ne DNA, abin da yake ɗauke da gadon halitta. Babu shekarar da ba a samun wanda zai ce, "Baba Lab, wannan ai majina ce!" Ni kuma in ce, "Majinar nan ita ta sa ayaba ta zama ayaba, ba ta zama gwanda ba." In kun ga abin a rubuce sai ku ce wasan yara ne. Ku gwada shi da aji cike, ƙanƙara tana narkewa, malami yana duba agogo.

Masu hulɗa da mu ba yara ne kaɗai ba. Akwai wani direban tirela da ya zo har ƙofar lab yana huci, wai 'yarsa ta koma gida ta ce an koya musu daga uba ake samun namiji ko mace, shi kuwa duk 'ya'yansa mata ne. Na ba shi kujera, na ɗauko jakunkunan wake. Ya zaro, ya sake zarowa, har ya ga gaskiyar maganar da idonsa. Da zai tafi ya ce, "To ai sai ku riƙa faɗa musu ba komai ake kaiwa gida ba." Wasu kuma a ɓoye suke zuwa, in duba musu jinin ɗa ko 'ya kafin aure. Waɗannan asibiti nake tura su. Lab ɗin makaranta ba wurin wannan ba ne, kuma duk ranar da kuka karɓi irin wannan aiki kun ɗauko abin da ya fi ƙarfinku.

Mummunar shekara ta zo lokacin da mutane suka yi ta kwararowa Gombe suna gudun rikici daga gabas. Yara suka yi wa makaranta yawa, azuzuwa suka kasa. Aka ce a mai da lab aji na ɗan lokaci. Na kwashe madubin likita da kwalabe da ma'auni na kulle a kabad, teburan gwaji suka zama na rubutu. Ɗan lokacin nan sai da ya cinye karatun wasu yara tun daga shigarsu babban aji har fitarsu. Aikina ya koma zane. In ɗauki alli in zana kwalba, in zana wuta a ƙarƙashinta, in zana tururi yana tashi, in ce, "Ku ɗauka ruwan nan ya koma shuɗi." A sabon littafin da aka kawo akwai hoton wani fifet na zamani, na roba, mai kama da babban biro da maɓalli a kansa. Shi ma na zana shi, na karanta musu bayanin da yake ƙasan hoton. Ban ce na taɓa riƙe shi ba. Ban kuma ce ban taɓa ba.

A sahun gaba akwai wata yarinya, Rukayya, iyayenta mutanen Katsina ne masu sayar da atamfa. Duk abin da na zana sai ta kwafe shi tsaf, har ya fi nawa kyau. In an tashi ta tsaya ta ce, "Baba Lab, yaushe za mu taɓa na gaske?" In ce, "Zango mai zuwa, in sha Allahu." Da wannan amsar ta gama makaranta.

Daga baya aka gina sababbin azuzuwa, lab ya dawo hannuna, na koma wa wakena da ayabata. Shekaru suka tafi. Wata rana shugabar makaranta, wadda muke kira Hajiya, ta aiko in je ofis. Na tarar da wata mata sanye da tabarau, ta miƙe ta rusuna tana dariya. Rukayya ce. Ta zama mai bincike a wata jami'a, kuma ta zo tare da jami'in wata ƙungiya mai raba wa makarantu kayan koyon darasin gado. Za su yi wa yaranmu gwaji na yini guda. Saiti ɗaya ne za a bari a Gombe, a makarantar da aka ga tana da wanda zai iya riƙe shi. Rukayya ta riga ta faɗa musu tsohuwar makarantarta tana da mutum.

Bari in yi muku bayanin aikin, don ku gane abin da ya faru. Ana dafa wani farin gari a ruwa, a zuba a ɗan faranti, a tsoma wani abu mai haƙora kamar mataji. In ya huce sai ya daskare kamar agidi, amma garai-garai. Shi ake kira jel. A zare matajin, ya bar 'yan ramuka a jere, kowanne bai kai ƙwayar shinkafa faɗi ba. A nutsar da jel ɗin cikin ruwa a wani ɗan akwati. DNA kuma an gauraya shi da shuɗin ruwa don a gan shi. Aikin hannu shi ne ka ɗebo ɗan mitsitsi da fifet, ka tsoma bakinsa cikin ruwan, ka sauke shi a ramin ba tare da ka taɓa gindi ko gefe ba. In an kunna wuta sai guntayen DNA su riƙa tafiya cikin jel, ƙanana a gaba, manya a baya, su bar layi-layi da ake karantawa.

Ranar gwajin na share lab har sau ba adadi, na sa farar rigata da aka goge. Yara suka cika, malamai suka tsaya a taga, Hajiya ta zauna a gaba. Rukayya ta haɗa jel, ta yi bayani, sannan ta ɗauki fifet ɗin nan da na taɓa zanawa ta juyo.

"Yara, kun ga Baba Lab? A allon nan ya fara nuna mini wannan abin, lokacin ko kwalba ba mu da damar taɓawa. Shi zai saka mana ramin farko."

Ta miƙo mini da hannu biyu. Jami'in ya ɗaga waya yana ɗauka. Yara suka tafa.

Na karɓa, na riƙe shi yadda Baba Dauda ya koya mini, manuniya a sama. Wani ya ƙyalƙyale a baya. Rukayya ta matso ta ce a hankali, "Da babban yatsa, Baba." Na juya hannu. Babban yatsana bai taɓa awo ba tun da aka haife ni. Na danna maɓallin har ƙasa, na saki gaba ɗaya, ruwan ya yi tsalle ya shige da kumfa. Na sunkuya kan akwatin, sai na ga babu ramuka. Ruwa kawai nake gani da hasken taga a kansa. Na tsoma inda nake zato, na danna, shuɗin ya bazu cikin ruwan kamar an jiƙa bula a baho. Rukayya ta ce in sake. Na biyun na sami ramin, amma na zarce, na huda gindinsa na yage gefen.

Akwai wani yaro, Bello, Bafillacen Kwadon, kullum a motar haya yake zuwa, ba ya iya riƙe magana. Ya ce, "Kai! Baba Lab ya yi wa jel allura!"

Aji ya fashe. Dariyar ba ta dame ni kamar abin da na gani ta gefen ido ba: jami'in ya sauke wayarsa a hankali ya sa a aljihu.

Rukayya ta ce, "Laifina ne, jel ɗin bai gama daskarewa ba." Ya daskare. Ni na taɓa shi da kaina, yaran gaba ma sun taɓa. Ta haɗa wani, ta kira su ɗaya bayan ɗaya. Yaran yanzu a kan waya babban yatsansu ya girma. Gwaji kaɗan suka yi yawancinsu suka kama, Bello ma kamar da abin aka haife shi. Ni kuma na koma wajen famfo na yi ta wanke kwalaben da suke a wanke har aka tashi.

Makon nan ta ƙofar baya nake shiga makaranta, ban taka ɗakin malamai ba. Da sakamako ya zo Hajiya ta kira ni. Ta daɗe tana gyara takardun da suke gabanta kafin ta ce, "Baba Garba, an kai kayan wata makaranta can hanyar Bauchi. Sun ce saboda wuta ne, su suna da sola."

Na ce, "To, Hajiya."

"Kuma an ce za mu riƙa kai yaranmu can sau ɗaya a zango."

"To, Hajiya."

Sola kam suna da ita. Suna kuma da wani saurayi mai riƙe musu lab wanda ya iya aikin. Ba ta ambace shi ba, ni ma ban tambaya ba. Da na koma na tarar da wata yarinya, Tabita, tana jirana a ƙofa. Ta ce, "Baba Lab, da gaske ba za a bar mana kayan ba?" Na ce da gaske ne. Ta ce saboda me. Na ce, "Sun ce wuta." Ta dube ni, ta ce to, ta tafi.

Kafin Rukayya ta koma ta zo har gida Pantami. Ta durƙusa ta gaishe ni da mai ɗakina, ta ciro fifet ɗaya daga jaka, nata na kanta, da kwalin 'yan bakunan roba da ake maƙala masa.

"Baba, ka yafe ni. Ban tambaye ka ba na miƙa maka a gaban mutane."

"Ni ne ban faɗa miki ba, Rukayya."

"Ai ba komai ba ne. Ni ranar da na fara shiga lab a jami'a ko wuta ban iya kunnawa ba. Suka yi ta dariya, malamin ya ce wace makaranta na yi. Na ce masa mu a makarantarmu zanawa muke yi."

Da dariya ta faɗa. Mai ɗakina ta taya ta. Ni na tashi na ce bari in duba ko an kira salla.

Aikin da na sa a gaba bayan nan shi ne in ƙirƙiri abin gwaji da abin da nake da shi. A kabad akwai tsohon garin da muke noman ƙwayoyin cuta da shi, yana daskarewa kamar jel. Na yanka tsohuwar rula na yi mata haƙora ta zama mataji. A madadin shuɗin ruwa na dafa zoɓo mai kauri na cika masa sukari, don sukarin ya ba shi nauyi ya nutse a rami maimakon ya bazu. Na je asibitin ido aka ba ni tabarau, wanda da ma an daɗe ana ce mini in yi ina ƙi. Ramukan suka fito fili. Amma hannun ya ƙi. In an tashi in kulle ƙofa in yi ta yi ni kaɗai, wani lokaci zoɓon ya yi yawa, wani lokaci kumfa ta kore shi daga ramin. Rukayya ta nuna mini a gida, na ce na gane, alhali kaina ne ya gane, yatsan bai ji ba.

Wata Laraba, ajin su Bello suna gabana ana shirin darasin wake, na ajiye farantin jel ɗina a tebur na ce, "Bello, taso."

Yaro ya taso jiki a sanyaye. "Baba Lab, don Allah sori. Wallahi ranar nan bakina ne kawai, ban yi niyya ba."

"Ba wannan na kira ka ba. Zo ka koya mini."

Ya dube ni, ya dubi 'yan uwansa.

"Ni, Baba?"

"Kai. Na ga hannunka. Ni ban iya ba."

Ya goge tafinsa a wando, ya ɗora babban yatsansa a kan nawa. "Danna a hankali, Baba. Ka ji ya ɗan tsaya? To nan ne na farko, kada ka wuce shi in za ka ɗiba. Yanzu saki sannu. Sannu, Baba, ba a sakin shi haka." Ya sa na kafa gwiwar hannuna biyu a tebur, na tallafi bakin fifet da yatsan hagu don kada ya karkace. "In ka sauke kada ka ɗaga yatsa sai ka fito daga ruwan, in ba haka ba zai sake zuƙewa." Ashe maɓallin hawa biyu gare shi, ni kuma duk makonnin nan ina zarce na farko. Babu wanda ya yi dariya. Da sun yi ma da ya fi mini sauƙi.

Fifet ɗin nan guda ɗaya shi ya zaga ajin gaba ɗaya. Kowane mako in dafa jel da zoɓo, su yi layi, ni ma in shiga layin. Wasu sun fi ni, wasu na fi su.

Da ranar zuwa waccan makaranta ta zo, na tare kekunan napep a bakin titi na loda su, na shiga na ƙarshe. Muka tarar da akwatin da ya kamata a ce yana lab ɗinmu a kan teburin wasu, da sunan makarantarsu manne a jiki. Saurayin ya karɓe mu da mutunci, sa'an ɗana na biyu ne. Ya ba ni kujerar malami, na ce a'a, na tsaya a baya. Yaranmu suka saka nasu, wasu ya zauna daram, wasu ya ɗan zube. Rami ɗaya ya rage a ƙarshen jere.

Saurayin ya ce, "Baba, ko za ka gwada?" Na san labarina ya riga ni zuwa, daga yadda ya yi tambayar.

Na gyara tabarau, na kafa gwiwar hannu, na danna zuwa hawan farko. Na tsoma, na sami ramin. Ina cikin saukewa hannun ya ɗan karkace, rabi ya shiga, rabi ya tashi ya bi ruwa. Na fito da yatsana a danne. Saurayin ya rufe akwatin ya kunna wuta.

Bayan an jira, aka ja labule, ya haska jel ɗin da wata shuɗiyar fitila. Yara suka taru kai da kai. Layuka suka fito a jere suna ƙyalli, kowa yana neman nasa yana ihu. Can gefe akwai wani da ƙyar ake ganinsa, sai an ƙura ido.

Wata yarinya 'yar makarantar ta nuna shi da biro ta ce, "Wannan mai dishi-dishin fa, na wane ne?"

Bello ya buɗe baki, na san zai ce nasa ne. Na dafa kafaɗarsa.

Na ce, "Nawa ne, 'yata. Ban daɗe da fara koyo ba."